Huhun Goron da Ban Kwance Ba

Ni na riga kowa gani. Ku da kuke karanta wannan a wayoyinku, ku riƙe wannan tukuna kafin mu shiga zancen soyayyar da kuka zo ji. Ni ne Audi Nagoggo, tsohon dillalin dabbobi. Ban taɓa zama a benci malami ya ce min ce A ba, faɗa nake ana rubuta muku. Amma na ci yunwar da aka dafa tafasa ba gishiri. Sanƙarau ya shiga ɗakinmu ya kwashe 'yan'uwana ya bar ni. Raƙumi ya cafke ni a kafaɗa a kasuwar Mai'adua ya ɗaga ni sama, yau raƙumin ko ƙashinsa babu, ni kuwa ga ni ina cin tuwo malmala biyu. Zaɓe kuwa na yi na akwati, na yi na bin layi a bayan hoton mutum, na yi wannan na yanzu da ake haska maka fuska da na'ura. Duk wanda ya fito nema sai ya zo bakin rafin garinmu, nan tsakanin Daura da Sandamu, ya cire hula ya rantse zai yi mana gada. Har gobe in damina ta zauna, a amalanke muke tsallakar da mai naƙuda.

To ga abin da na gani. Ana tsakiyar zafin kamfen, ina dawowa daga Mai'adua da rana, fitsari ya matsa min. Na ce wa mai babur ya tsaya, na zagaya bayan katangar wani gidan gona. Sai ga motoci biyu a ƙarƙashin tsamiya. Sai ga Alhaji Munzali ɗan takarar jam'iyyar Tulu, da Alhaji Kalilu ɗan takarar jam'iyyar Tsani, mutum biyun da ke neman kujerar majalisa ɗaya, zaune a darduma ɗaya, balangu a takarda ɗaya. Kalilu yana tsinto mai kitse yana miƙa wa Munzali, suna dariya har da tafawa. Mutanen da saboda su a garinmu ɗan Tulu ba ya zuwa sunan ɗan Tsani! Wallahi fitsarin ma komawa ya yi.

Na zo gida na faɗa. Ɗana Mansur shi ne shugaban Tulu na mazaɓarmu. Ya dube ni ya ce, “Baba, yanar ido ce ta fara rufe maka gani. Bari a gama zaɓe in kai ka asibiti.”

Gida ya ɗauki dariya. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba, jikata Siddiƙa, ita ma ba don ta yarda da ni ba, hankalinta ne ba ya wurin.

Bari in gaya muku wace ce Siddiƙa. 'Yar Mansur ce ta biyu, doguwa, baƙa mai sheƙi, mai wushirya. Ɗinki take yi a ɗakin uwarta, kuma duk amaryar da aka yi a garin nan a 'yan shekarun nan ita ta yanka mata kaya. Ni da ita wasan kaka da jika muke. Ni in ce mata amaryata, ita ta ce min, “Angon da ba haƙori, wa zai zauna da kai?” Abin da ba za ta gaya wa uwarta ba, ni take gaya wa, tana yanke min farce a zaure.

A nan na fara jin sunan Yazid. Yaro ne ɗan cikin Daura, fari, mai son shadda mai maiƙo da hula zanna, turarensa yana riga shi shiga wuri. Ya kawo ɗinkin ƙanwarsa ne ya ga Siddiƙa, daga nan ƙanwar ta zama kullum tana da ɗinki. Ladabi kam yana da shi, har ƙasa yake tsugunawa ya gaishe ni. Aibinsa ɗaya a gidanmu, shi ne shugaban matasan Tsani.

Ranar da Mansur ya ji, a tsakar gida ya tsaya ya ɗaga yatsa. “Muddin ina numfashi, ɗan Tsani ba zai taka gidan nan da sunan suruki ba. Mutanen da suke zagin Alhaji Munzali a lasifika? Ki cire shi a ranki!”

Uwarta Kubura tana gefe tana tankaɗe, ta ce, “Ai kin ji.” Atamfar Tulu ce a jikinta, mai hoton Munzali gaba da baya, in ta zauna a kan fuskarsa take zama. Labulen ɗakinta ma ita ce, har da mayafin keken ɗinki.

Daga ranar Siddiƙa ta shiga ɓoye zancensu. Wayarta ta koma zama a cikin gwangwanin maɓallai, ta kashe mata ƙara. In gida ya yi shiru sai ta zo zaure da almakashi kamar za ta gyara min gemu, ta karanta min saƙo a hankali.

“Gimbiyata, ki yi haƙuri da Baba. Bayan zaɓe komai zai daidaita, na yi miki alkawari.”

Na ce, “Wannan ne zai ƙwace min mata? Ki ce masa ni da raƙumi na yi kokawa.”

Ta yi dariya, sannan ta ce, “Kaka, ni fa Tsani zan zaɓa. Yazid ya ce Alhaji Kalilu ba irin sauran ba ne. Ya ce gadar nan ita zai fara yi. Ka tuna ƙawata Zaituna a bakin rafin nan ta haihu, jaririn bai zo da rai ba.”

Na ce, “Amaryata, na gaya muku abin da na gani a ƙarƙashin tsamiya.”

“Kai dai Kaka!”

Ita ma ba ta yarda ba. Ba komai, na saba.

Ranar zaɓe ita ce ƙuri'arta ta farko a duniya. Ta sa hijabinta ruwan toka, ta riƙe katinta a cikin tafin hannu kamar za a ƙwace. Tun hantsi take layin mata a filin firamare, rana ta dake ta har azahar ba ta zauna ba. Da ta fito ta biyo ta zaure ta nuna min babban yatsanta, tawada ta hau kan lalle. Ta raɗa min, “Na yi, Kaka. In Baba ya ji ya kashe ni.” Fuskarta kamar wadda ta sauke Alƙur'ani.

Yayanta Abbas shi ne wakilin Tulu a rumfar zaɓen. Ɗan acaɓa ne a hanyar Mai'adua, ƙato, mai zuciya, wanda in ubansa ya ce wuta ruwa ce zai shiga. Bayan la'asar ana ƙirga ƙuri'a a gaban jama'a sai ga babura sun turnuƙe filin, samari ɗaure da ƙyallen Tsani a ka, da gorori da duwatsu. Kowa ya watse. Abbas ya rungume akwati a ƙirji yana ihu, “Sai dai ku kashe ni!” Gora mai ƙusa a baki ta same shi a fuska.

Akwatin bai bar hannunsa ba. Idonsa na dama ne ya tafi.

Munzali ya ci zaɓe. Aka yi ta harba babura ana kiɗa a Daura, mu muna asibiti muna riƙe da Abbas. Da ya warke ya gwada komawa acaɓa, sai ya zama ba ya ganin abin da ke tahowa ta damarsa, ya kusa kashe wata mata da goyo. Ya jingine babur a zaure, ya sayi baƙin gilashi, ya koma zaman ƙofar gida.

Siddiƙa ta rame har zobenta yana zamewa. Ita a ranta da ƙuri'arta aka fasa idon yayanta. Ta daina ɗaga wayar Yazid. Shi kuwa bai gaji ba, saƙo safe da yamma.

“Wallahi ba na wurin. Ina can wata rumfa a cikin gari. Yaran ba da izinina suka je ba.”

“Na je asibiti na hango shi ta taga, na kasa shiga. Na yi kuka, Gimbiya.”

“Ko kin daina sona, ki amsa min sallama.”

Zuciyar budurwa ce. A hankali ta fara amsa sallamar, daga sallama aka koma ina kwana, daga ina kwana gwangwanin maɓallai ya dawo aiki. Mansur kuwa ya ƙara tauri. Sunan Tsani ma in aka ambata a gidan sai ya tofar da yawu. Tsanin da muke hawa rumbu da shi sai da ya sa aka fitar waje.

Ana nan damina ta sauka. Wata Asabar da hantsi ina zaure a kan buzuna ina murza igiya, sai ga baƙar mota doguwa ta tsaya a ƙofar gida, taɓo har gilashi, don sai da samari suka turo ta ta rafi. Ƙofar baya ta buɗe ta dama, Alhaji Munzali ya fito. Ta buɗe ta hagu, Alhaji Kalilu ya fito.

Jama'a, shadda iri ɗaya! Ruwan sararin samaniya, aiki iri ɗaya a wuya, hula iri ɗaya, kamar 'yan biyun da uwarsu ta yi wa ankon salla. A ƙirjin Kalilu ga ɗan bajen Tulu yana ƙyalli. Mai shayin ƙofar gidanmu ya ci gaba da zuba ruwan zafi har kofi ya cika ya zubo masa a ƙafa. Wani tsoho ɗan Tsani, wanda ya shekara ba ya gaisawa da ƙaninsa saboda Kalilu, ya tsaya da buta a hannu baki buɗe.

Suka shigo zaure. Suka wuce ni da “Sannu Baba,” irin wadda ake yi wa mai gadi. Mansur ya fito da gudu ba hula, ya ga Kalilu ya ja birki, ya ga Munzali ya zube ƙasa.

Munzali ya ce, “Tashi, shugaba, tashi. Ka ga ɗan'uwana? Ya dawo gida. Yanzu babu Tulu babu Tsani, duk abu ɗaya ne.”

Kalilu ya ce, “Da ma can siyasa ce, ba gaba ba.”

Direba ya shigo da huhun goro ɗaure da igiya, ganyensa ɗanye shar, da kwalayen alewa, ya dire a gaban Mansur. Munzali ya gyara babbar riga ya ce sun zo ne a matsayin iyayen Yazid, suna nema masa auren Siddiƙa. Ya ce yaron yanzu nasa ne, shi zai riƙe masa harkar matasa. Ya ƙara da cewa shi ma Mansur ana duba masa wani ɗan muƙami a ofis, don ba a manta da wahalarsa ba.

Na zuba wa ɗana ido. Mutumin da ya ɗaga yatsa a tsakar gida. Wallahi murmushi yake, leɓensa har rawa yake.

Sai ga Abbas ya shigo da ruwan sha a kwanon sha. Ya durƙusa, ya cire gilashi don girmamawa. Munzali ya kalli ramin idon ya ja da baya.

“Subhanallahi! Yaro, me ya sami idonka? Haɗarin babur ne? Ku samarin nan ba kwa jin magana, gudu kamar za ku tashi sama.”

Abbas yana durƙushe da kwanon a hannu. Ya juya ido ɗayan ya kalli ubansa, yana jira.

Mansur ya sunkuyar da kai ya ce, “Ƙaddara ce, ranka ya daɗe.”

Na ga abubuwa a duniya, na faɗa muku. Ban taɓa jin abin da ya dake ni a ƙirji kamar wannan kalma ba. Abbas ya ajiye kwanon a hankali, ya mayar da gilashinsa, ya fita.

Mansur ya share murya ya kai hannu kan igiyar huhun. “Ai ranka ya daɗe, tunda ku da kanku kuka tako, ni na ba...”

Na yi gyaran murya irin wadda nake yi a kasuwa in yaro zai sayar da saniyar da ba tasa ba.

“Mansur, ɗauke hannunka. Tun yaushe a ƙasar nan uba yake ba da 'ya da bakinsa, nasa uban yana zaune?”

A nan suka yi kuskure, su da suka saba da wanda ke riƙe da mazaɓa shi ke riƙe da komai. A wurinmu mai haihuwa ba ya bayar da 'yarsa, kunya ce. Wan uba ake samu, ko kaka in yana raye. Shi ake dire wa goro, shi yake kwance huhu. Kuma in aka kwance aka raba wa dangi da maƙwabta, magana ta fita, an ba da yarinya ke nan, ba a dawo da goron da ya shiga bakin mutane. Mansur ba shi da wa. Ni ne.

Nan da nan manyan riguna suka juyo wajena. “Af, Baba, a gafarce mu, ba mu sani ba.” Direba ya ja huhun ya dawo da shi gaban buzuna.

Na ce, “Ba komai. Ni ai na san ku. Balangun nan na ƙarƙashin tsamiya a hanyar Mai'adua, ya yi daɗi kuwa?”

Suka kalli juna. Kalilu ya fashe da dariya ya ce, “Baba akwai barkwanci.” Munzali bai yi dariya ba.

Na ce, “Ku bar goron a nan. Ban kwance ba, ban mayar ba. Za ku ji daga gare ni.”

Suna fita gida ya kacame. Kubura ta riga ta jera farantai a tsakar gida na rabon goro, guɗa tana bakinta tana jiran a ce mata saki. Mansur yana zagaye ni kamar kaza mai neman wurin ƙwai. “Baba, don Allah kar ka ɓata min. Yarinyar nan shi take so, kowa ya sani. Ga shi Allah ya kawo sauƙi.”

“Da ba ka san tana son sa ba?”

“Da ɗan Tsani ne!”

“Yanzu fa?”

“Yanzu ai namu ne.”

Na kira Siddiƙa. Ta zo ta durƙusa, idonta ya yi ja, amma bakinta yana son yin murmushi tana hana shi. Abin da ta daɗe tana roƙo a sujada ne ya zo har zaure a cikin ganye. Ta ce, “Kaka, ban san me nake ji ba. Ya turo saƙo wai yana zuwa bayan la'asar.”

Na ce, “Ki ji ta bakinsa. Igiyar huhun nan ke za ki ce in kwance.”

Ta yi wanka ta sa leshinta ruwan hoda wanda ta ɗinka ta ɓoye tun bara, da mayafi fari mai duwatsu a baki. Ta sa kwalli, ta shafa humra. Ya zo cikin farar shadda, da sabuwar waya a hannu da makullin mota yana kaɗawa. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙaramin zaure. Ni ina bayan zana da igiyata. Kunnena har yau yana jin tafiyar kiyashi, kar wanda ya ce min an ƙara gishiri.

Ya ce, “Gimbiya, ban gaya miki ba? Na ce bayan zaɓe komai zai daidaita.”

Ta ce, “Ka faɗa. Ya aka yi ka sani?”

Ya yi 'yar dariya. Daɗi ya cika shi, kuma namiji in daɗi ya cika shi a gaban budurwa, so yake ta san shi na ciki ne. “Ke yanzu matata ce, ba abin ɓoyewa. Maganar nan an gama ta tun kafin a buga fosta. Alhaji Munzali zai ci, Alhaji Kalilu zai dawo daga baya a ba shi nasa kason. Mu na kusa duk mun sani.”

“Tun kafin a buga fosta.”

“Tun kafin nan.”

“Gadar fa? Ka ce ita zai fara yi.”

“Haba Gimbiya, ai dole a faɗi wani abu a kan mumbari.”

Na ji awarwaronta ya yi ƙara, ta gyara zama. Muryarta ta sauka ƙasa. “Yazid, na tsaya a rana tun hantsi har azahar. Na saɓa wa ubana. Ƙuri'ata fa?”

“Tana nan, ba ta ɓata ba. An haɗa ta da ta Baba, duk gida ɗaya suka shiga.” Har da dariya.

Sannan ta ce, “To in an gama magana, faɗan na mene ne? Me ya kawo babura?”

Nan ya fara inda-inda. “Kin san... in aka yi zaɓe lami lafiya, wa zai yarda Alhaji Kalilu yana da mutane? Dole a ga ƙarfinsa, a ga zai iya hana ruwa gudu, sannan kasonsa ya yi nauyi. An ce a ɗan tayar da ƙura a rumfuna kaɗan, shi ke nan. Wallahi ba a ce a taɓa kowa ba.”

“Wa ya zaɓi rumfunan?”

Na ji yana kaɗa makullin motar.

“Yazid, wa ya zaɓi rumfarmu?”

“Ni ban je ba, na rantse miki, kuma gaskiya na faɗa.”

“Ban ce ka je ba.”

“Rumfar shugaban mazaɓa ce, ita za ta fi yin amo. Ba ni kaɗai na zauna ba. Na ɗauka Abbas zai gudu kamar kowa. Wa ya ce ya rungume akwati? Akwatin da an riga an san abin da zai fito!”

“Ranar zaɓen da safe kun haɗu da shi a bakin filin. Ya gaya min har ka ba shi hannu.”

“Mun gaisa.”

“Ba ka ce masa ya koma gida ba.”

“In na faɗa masa ai magana ta fita, Gimbiya. Ki gane mana. Kuma zan kula da shi, wallahi. Akwai ido na roba da ake sawa a Kano, ba mai ganewa...”

Ban ji tashinta ba, sai ganin ta na yi a gabana. Mayafin ya zame a kafaɗa, kwalli ya gangaro har haɓa, amma ba kuka take ba. Idonta a buɗe kamar wadda ta ga gawa ta motsa.

Ta ce, “Kaka, ka ji?”

“Na ji, amaryata.”

“Ashe da gaske ka gan su.”

“Na gan su.”

“Kaka, ina son sa. Wallahi har yanzu da nake tsaye ina son sa.” Ta gyara mayafinta. “Kar ka kwance.”

Yazid ya biyo ta yana “Gimbiya, Gimbiya, tsaya ki ji.” Ya yi karo da Abbas a bakin ƙofa. Ashe shi ma yana jingine da bango ta waje, komai a kunnensa. Na ce yau za a yi kisa a gidana. Abbas ya cire gilashi kawai ya tsaya yana kallonsa da ido ɗaya da rami ɗaya. Bai ɗaga hannu ba. Yazid ya ja da baya, ya ja da baya, ya shiga mota ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a kan dakali.

Mansur ya fito ya tarar ina ɗora huhun a bayan babur ɗin Abbas. Ya riƙe kariyar babur ɗin. “Baba, kashe ni za ka yi? Shekara nawa ina bin jam'iyyar nan ban samu ko tsinke ba, yau da aka tuna da ni? In goron nan ya koma, na gama a siyasa!”

Na ce, “Ɗanka ya ba su ido, ka ce ƙaddara. 'Yarka kuma me za ka ce in ka ba su?”

Kubura ce ta ba ni mamaki. Ta ji komai daga bakin 'yarta. Ta fito ta tattara farantanta ɗaya bayan ɗaya, ta shiga ɗaki, sai ga labulen nan mai hoton Munzali ya faɗo tsakar gida, ta fizge shi har da ƙusa.

Abbas ya ce, “Kaka, hau. Ni zan kai ka.”

“Za ka iya?”

“Ka zauna ka zame min idon dama.”

Haka muka tafi Daura, huhu a tsakanina da shi, muka tsallake rafi ruwa har gwiwa, ina ce masa ga amalanke ta dama, ga akuya ta dama. Muka isa ƙofar gidan Munzali ana kiran magariba. Masu gadi suka ce Alhaji yana ciki da baƙo. Na ce na san baƙon. Na sauke huhun a kan dakalinsu, na ce su duba igiyar da kyau, ƙullin da direbansu ya yi ne, ba wanda ya taɓa. Na ce su gaya masa Audi Nagoggo ya ce yaron da ya tambaya, ba babur ne ya ci idonsa ba, akwatin zaɓen Alhajin ne da ya rungume.

Tun ranar Mansur bai gaishe ni ba. Ta ƙofar baya yake shiga gidan ubansa. Siddiƙa ta koma kan kekenta, tana ɗinka wa wasu kayan aure. Wayar tana nan tana haske a kan taga, saƙo a kan saƙo, ba ta buɗe ba, ba ta kuma goge lambar ba. Jiya tana yanke min farce na ce mata, “Zaɓe mai zuwa wa za mu yi?” Ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Kaka, akwai wani ne?”

Na san a cikinku akwai mai cewa tsoho ya shirya labari. To bismilla, hanya a buɗe take. Ka hau mota zuwa Daura, ka ce a kai ka garin Audi Nagoggo, ka naɗe wandonka don gada babu. Za ka tarar da saurayi mai baƙin gilashi a ƙofar gidana. In kana da ƙarfin zuciya, kai da bakinka ka ce masa ya cire, sannan ka juyo ka kalle ni ka ce ƙarya nake.